Hoton Kwatano cikin salula: gani ya kori ji, ko cinikin biri a sama?

 A kwanakin baya, cikin wani shirinmu na rediyo da muke buɗe wa masu saurare layi, wata hajiya mai saida atamfa a Maraɗi ta kira mu rai a ɓace. Ta ce an aiko mata da hoton wata atamfa daga Kwatano, shuɗiya mai ratsin ruwan zinariya, tana ta sheƙi cikin salula. Ta tura kuɗin turmi 40, ta yi zaman jira kusan wata biyu. Ranar da aka kwance dila a gabanta, zanen dai shi ne, amma launin ya dushe, ƙyallen ba shi da nauyi, kuma turamen da ke can ƙasa suna warin fumfuna. Da ta kira wanda ya saya mata, sai ya ce ai abin da ta gani a hoto shi ya ɗaure ya aiko. Kafin mu rufe shirin wasu sun kira da irin wannan kuka, wani a kan mota, wata a kan takalman yara.

Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu zauna mu duba wani abu da muka raina, wato hoton da ake ɗauka a wajen tafiya. Da can abin tunawa ne da ake ratayewa a bango. Yau ya koma takardar ciniki, kuma miliyoyin sefa na fita daga aljihun mutanenmu a kan abin da ido ya gani cikin ɗan gilashin da bai kai tafin hannu ba.

Yadda hoto ya maye gurbin ƙafa

Tsakanin Yamai da Kwatano akwai kilomita sama da 1000. Duk da wannan nisa, shekara da shekaru mafi yawan kayan da Nijar ke shigowa da su daga ƙetaren teku ta tashar jiragen ruwan Kwatano suka riƙa bi kafin 2023. Bafataken Maraɗi ko Damagaram ko Tawa yakan kama hanya ta Dosso zuwa Gaya, ya ƙetare gadar kogin Kwara ya shiga Malanbil, ya wuce Kandi da Paraku har ya ga teku. Ya sauka wajen ƴan uwa a unguwar Zongo, gari na wayewa ya shiga Dantokpa ko kasuwar gwanjo ta Misebo. Hajiya takan murza ƙyalle tsakanin yatsu, ta shinshina shi, ta jiƙa bakinsa ta goga a farin ƙyalle ta ga ko rini zai zuba. Hoto kuwa sai ranar komawa gida, a bakin teku, wajen mai hoton da zai wanko shi a biya shi.

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Kwana huɗu bayan haka ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Benin ta rufe iyakarta. A watan Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata gefen, amma hukumomin Nijar suka bar nasu a rufe bisa dalilan tsaro. Haka 2024 da 2025 suka wuce manyan motoci ba sa hawa gadar Gaya. Matafiya suka koma ƙetare kogi cikin kwale-kwale, manyan kaya kuma suka koma tashar Lome, su ratso Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera da rakiyar sojoji, bayan makwanni na jira.

Da tafiya ta yi tsada ta kuma yi wuya, mai ƙaramin jari ya daina zuwa da kansa. Wadda take sauka Kwatano sau huɗu a shekara ta koma sau ɗaya, ko ta bari gaba ɗaya. Sai aka dogara ga ƙane ko dillali da ke can, shi ya zagaya rumfuna ya ɗauko hotuna ya turo ta WhatsApp, a zaɓa, a tura kuɗi. Da yake ƙasashen biyu duka sefa ɗaya suke kashewa, tura kuɗin ba ya ɗaukar fiye da ƴan mintoci. A nan ne gizo ke saƙar. Da can, in kaya na da aibi, mai saye ya gani ya ajiye, asara ta zauna wajen mai rumfa. Yanzu kuɗi na riga kaya tafiya, aibin kuma ba ya bayyana sai an kwance dila a Maraɗi, inda ba mai mayar da ita. Wato haɗarin ciniki ya tashi daga wuyan mai sayarwa ya koma wuyan mai saye.

Birnin da ya yi kwalliya don kyamara

A daidai lokacin da namu mutanen ke rage zuwa, Kwatano tana ƙara jawo wasu baƙi masu rataye da kyamara. Gwamnatin Patrice Talon, wanda ya hau mulki a 2016, ta ɗauki yawon buɗe ido a matsayin hanyar samun kuɗi. A Nuwamba 2021 Faransa ta mayar da kayan sarautar Abome guda 26 da sojojinta suka kwashe a 1892, aka baje su a fadar shugaban ƙasa a 2022, jama'a suka yi ta layi don gani. Ranar 30 ga Yuli 2022 aka buɗe mutum-mutumin jarumar mace ta rundunar matan Dahome, mai tsawon mita 30, a babban titin bakin teku. Dogon bangon tashar jiragen ruwa kuma masu zane suka cika shi da hotuna kala-kala. Tun 2024 ake shirya babban bikin gargajiya na Vodun a Wida cikin watan Janairu. Sai kuma Ganbiye, garin da aka gina bisa turaku a cikin tafkin Nokuwe, inda kasuwa kanta a cikin kwale-kwale take ci.

Ke nan masu ɗaukar hoto iri biyu ne ke yawo a birni ɗaya. Baƙon yawon buɗe ido yana neman abin da zai ƙayatar, ko da ya fi gaskiya kyau. Wakilin ɗan kasuwa kuwa abin da ake buƙata daga gare shi shi ne hoton da bai ƙara ba bai rage ba. Matsalar ita ce wayar da ke hannunsu duka biyu an ƙera ta ne don biyan buƙatar na farkon. Salular yanzu da kanta take ƙara wa launi ƙarfi, ta haskaka inuwa, ta sumulce abin da ke da kaushi, tun kafin mai ita ya taɓa komi. Abin da ke sa amarya ta fito tas a hoton biki, shi ne ke sa atamfar jika 6 ta yi kama da ta jika 60.

Laima, abokiyar gabar da ba mu saba da ita ba

Mu mutanen Sahel ƙura muka sani. Mun iya rufe kaya, mun iya kaɗe rumfa, mun iya naɗe waya cikin leda lokacin hunturu. Kwatano kuwa wata duniya ce. Birnin na zaune ne bisa rairayi tsakanin teku da tafki, yana samun ruwan sama wajen milimita 1300 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da Maraɗi ke samu. Damina biyu gare shi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Laimar iskarsa takan kai kashi 80 cikin 100 kusan duk shekara, alhali a wajenmu cikin watan Maris takan faɗi ƙasa da kashi 20.

Kowa ya ga yadda kofin ruwan sanyi ke yin zufa a waje. Haka gilashin kyamara ke yi idan aka fito da shi daga ɗaki ko mota mai kilim zuwa cikin iskar Kwatano. Tururin da ke cikin iska yana taɓa gilashi mai sanyi sai ya koma raɓa. Hoton da aka ɗauka a wannan hali yakan fito da ɗan hazo mai laushi, wanda ke ɓoye tabo da ƙarce da bambancin fenti a jikin mota. Goge gilashin ba ya magani, don yana sake yin zufa nan take. Maganin shi ne a bar wayar cikin jaka a rufe na minti 15 ko 20 har zafinta ya daidaita da na waje. Haka nan zufar hannu da maiƙon aljihu na manne wa idon kyamara, shi ya sa goge shi da ƙyalle mai laushi kafin kowane hoto ba ɓata lokaci ba ne.

Laimar ba ta tsaya a kan hoto ba, har na'urar take ci. Iskar teku na ɗauke da gishiri, shi kuma yana sa bakin caji ya yi tsatsa. Babbar kyamara da aka ajiye cikin akwati a rufe na watanni, fumfuna kan tsiro a cikin gilashinta kamar saƙar gizo, kuma in ta daɗe takan ci fuskar gilashin har abada. Waɗannan ƴan ƙunshin farin tsaba da muke samu cikin kwalin takalma muna jefarwa, aikinsu ke nan, tsotse laima. A tara su a sa cikin jakar waya da caja. Wayar da ruwa ya taɓa kuwa, kada a sa ta caji sai ta bushe sarai, kuma binne ta cikin shinkafa da ake yi bai fi barinta a iska amfani ba. Mai hawa zemijan, wato kabu-kabunsu masu rawayar riga, ya riƙa tafiya da leda a aljihu, don ruwan Kwatano ba ya sallama.

Sai batun haske. Kwatano na kusa da tsakiyar duniya, rana na hawa bisa kai da wuri, sama kuma sau da yawa fara fat take saboda tururi. Da tsakar rana launi yakan wanke, inuwa ta yi baƙi ƙirin. A cikin rumfa kuwa hasken da ya ratso shuɗin tamfal yana shafa wa kowane ƙyalle shuɗi, fitilar lantarki kuma ta mayar da fari ruwan ƙwai ko ta mayar da ja ruwan hoda. Hasken da ya fi faɗin gaskiya shi ne na safe, tsakanin ƙarfe 7 da 9, ko na inuwa a buɗaɗɗen wuri.

Warin da hajiyarmu ta ji shi ma daga nan ya fito. Ƙyalle da fata da kwali duk suna shan laima ba tare da sun nuna jiƙa a ido ba. Idan aka ɗaure su cikin leda a ranar da aka kwana ana ruwa, aka jefa cikin kamiyo da zai yi makwanni a hanya cikin zafi, laimar ba ta da wajen fita. Dabarar da ke kare mana kaya daga ƙura a nan, ita ce ke kulle musu danshi a can. Hoto kuwa ba ya ɗaukar wari, ba ya ɗaukar nauyi, ba ya ɗaukar laushi.

Abin da ya kamata a nema kafin a tura kuɗi

Ba muna cewa a daina ciniki ta hoto ba ne, domin mutane da yawa da shi suke ci da iyalinsu. Abin da muke cewa shi ne a sa masa ƙa'ida kamar yadda iyayenmu suka sa wa mudu da awo.

Na farko, Hajiya, ki nemi a fitar da ƙyallen waje a ɗauka cikin inuwa, a aza farar takarda a gefensa. Idan takardar ta fito shuɗiya ko rawaya a wayarki, kin san launin atamfar ma ba na gaskiya ba ne. Na biyu, a ɗauko bakin ƙyallen kusa da kusa, inda ake buga sunan masaƙa da lambar zane, a kuma juya bayansa a ɗauka, tunda atamfar kirki rininta na ratsa fuska biyu. Na uku, a rubuta sunanki da kwanan wata a takarda a ɗora bisa kayan, domin hoto ɗaya yakan zagaya wayoyi ɗari, wani ma tun bara aka ɗauke shi a rumfar da ba ta da sauran turmi ko ɗaya. Na huɗu, a turo hoton a matsayin dokiman, saboda WhatsApp na matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, ƙananan aibobi su ɓace.

Alhaji mai sayen mota daga filayen motoci na hanyar Seme, kada ka yarda da hoton da aka ɗauka bayan an watsa wa mota ruwa, don jiƙaƙƙen fenti duk sabo ne. Ka nemi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, a jikin motar da kuma a takarda, ka nemi hoton ƙarƙashinta, inda iskar gishiri ke fara ɓarna. Abin da ya fi duka shi ne kiran bidiyo kai tsaye, kai kake cewa a buɗe nan, a ɗaga can, a tada inji ka ji. A ƴan shekarun nan an samu manhajojin da ke share tabo daga hoto da shafar yatsa ɗaya, har da masu ƙirƙiro hoton abin da babu shi sam. Bidiyon da kai kake ba da umurni a cikinsa ya fi wuyar haɗawa.

Sannan a ajiye hotunan da muryoyin da aka turo har kaya su iso. Ranar da magana ta kai gaban sarkin kasuwa ko shugabannin ƙungiyar ƴan kasuwa, su ne shaida. Muna ma ganin lokaci ya yi da ƙungiyoyin nan za su zauna su tsayar da magana ɗaya: idan kaya suka saɓa wa hoto, wa zai ɗauki asara, kuma kashi nawa za a riƙe sai an kwance dila.

Fuskar wa ka ɗauka?

Akwai wani gefen da ba na kuɗi ba. Duk wanda ya ɗaga waya a cikin kasuwa, ba kaya kaɗai yake ɗauka ba, har da fuskokin mutane. Matan kasuwar Kwatano ba sa wasa da wannan, kuma suna da gaskiya. A Ganbiye an san mata da kare fuska da malafa idan jirgin baƙi ya matso, saboda sun gaji da a mayar da su abin kallo. Mu ma mun san zafin abin. Mun ga yadda baƙi ke cusa kyamara a fuskar ƴan uwanmu Wodaɓe a bikin Gerewol da na Ingal, hotunan su ƙare a littattafan da ake sayarwa a Turai, masu fuskar ba su ga ko dala ba. Abin da ba mu so a yi mana, kada mu je garin wasu mu yi musu. A gaisa, a nemi izini, in an ƙi a sauke waya. Wuraren ibadarsu na gargajiya da masu rufe jiki a bukukuwansu suna da nasu hani, baƙo ya tambayi ɗan gari kafin ya ɗauka.

Doka ma ta shigo cikin maganar. Benin na da dokar harkokin intanet tun 2018, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure ɗan jarida Ignace Sossou a Disamba 2019 saboda abin da ya wallafa. A Nijar akwai dokar laifukan intanet ta 2019, kuma a Yuni 2024 aka mayar da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a. Hoton mutum da aka watsa a zauren WhatsApp da rubutun ɓarawo a ƙarƙashinsa, ko da shi ya cuce ka, yana iya sa mai ƙara ya koma wanda ake tuhuma.

Batun tsaro ya fi wannan nauyi. A Yuni 2024 an kama ƴan Nijar biyar a tashar bututun man fetur ta Seme, abin da ya nuna irin zargin da ya shiga tsakanin hukumomin ƙasashen biyu. Ranar 7 ga Disamba 2025 kuma wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki a Kwatano, aka murƙushe shi. A irin wannan yanayi, baƙon da aka gani yana ɗaukar ƙofar tashar jiragen ruwa, ko barikin soja, ko shingen jami'an tsaro, ko bakin kogin Gaya da Malanbil, ba lalle a tsaya sauraron bayaninsa ba. A lura ma cewa mutum-mutumin jarumar da kowa ke son tsayawa gabansa yana dab da fadar shugaban ƙasa. Juya waya kaɗan ya isa ya canza ma'anar hoton.

Abin da zai rage wa jikoki

Duk da haka ba za mu rufe da tsoratarwa ba. Dantokpa, kasuwar da ta kai kadada 20 a bakin ruwa, wadda gobara ta ci wani sashenta a 2015, gwamnatin Talon ta bayyana shirin tashin ta, a raba ƴan kasuwarta zuwa sababbin wurare a Akasato da Kuhunu. Kasuwa takan tashi, hanya takan canza, kamar yadda muka gani da idonmu tun 2023. Abin da ke saura shi ne hoto. Philippe Koudjina, wanda aka haifa a Kwatano a 1940 ya zauna a Yamai har rasuwarsa a 2014, ya yi ta ɗaukar samari da ƴan mata na babban birninmu a shekarun 1960 da 1970. A lokacin sana'a kawai yake yi, yau kuwa duk mai son ganin Yamai ta wancan zamani sai ya nemi hotunansa.

Don haka wanda Allah ya nufa da tafiya, bayan hoton kaya ya ɗauki na masaukinsa a Zongo, da na abokiyar cinikin da ta yi shekara 20 tana ba uwarsa bashi bisa amana, da izininta. Ya zaɓi biyu ko uku ya wanko su a takarda, domin waya na faɗawa kogi, na ɓata, na mutuwa. Ita kuwa hajiyarmu ta Maraɗi ta shanya turamenta kwana uku a inuwa, ta saida su a kan faɗuwa, ta ce daga yau ba ta ƙara tura ko dala sai ta ga farar takarda a gefen ƙyalle. Allah ya mayar mata da alheri, ya ba mu kasuwa mai albarka.